Amsar Tambaya: Karatu da Ziyara a Madina

Wani ɗalibi daga Dogon Daji, ƙaramar hukumar Tambuwal a jihar Sakkwato, wanda ya sami gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina, yana tambayar yadda zai haɗa karatu da ziyarar wuraren tarihi ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba.

Jami'ar, wadda aka kafa a 1961, takan fara tura wanda Larabcinsa bai nuna ba zuwa ma'ahad, wato cibiyar koyar da baƙi harshen, kuma a wannan mataki yawan yawo ya fi yin ɓarna, domin nahawu da sarfu ba sa jiran kowa. Abin da ya dace shi ne ɗalibin ya keɓe ziyara ga Juma'a da Asabar, ranakun hutun mako a Saudiyya. Asabar ɗin ta yi daidai da Masallacin Ƙuba, tunda a ranar ne Annabi (SAW) yakan ziyarce shi. Uhudu kuwa, inda aka gwabza a shekara ta 3 bayan hijira, sammako take so, kafin duwatsu su ɗauki zafi, don ya tsaya a makwancin Sayyidina Hamza, ya hau ƙaramin tsaunin maharba ya ga yadda filin ya shimfiɗu. Kada sabo da ranar Sakkwato ya ruɗe shi.

Shiga Rauda, tsakanin ɗakin Annabi da mumbarinsa, sai da izini ta manhajar Nusuk. Umra kuma gara ta jira hutun zango, kuma kada ya fita ko'ina ba tare da igama ba, wato katin izinin zama.