Ina Baƙar Ƙasa Take Zuwa?

Sa'ad da nake koyarwar gwaji a wata firamare, na yi wa yara darasi a kan zaizayar ƙasa. Sai wani yaro ya ce, "Malam, baƙar ƙasar da ruwa ya kwashe daga gonar babana, ina take zuwa?" Na rasa amsa, kunya ta kama ni. Ga abin da na shirya musu washegari, ko zai taimaki 'yan'uwana.

Na cika akwati biyu da ƙasar gona, ɗaya da ciyawa a kanta, ɗaya tsirara. Na jingine su a karkace, na zuba musu ruwa daidai wa daida, muka tare abin da ya gangaro cikin kwalabe. Ruwan mai ciyawa ya fito kusan garau, na ɗayan kuwa baƙi ƙirin.

Baƙin nan ruɓaɓɓen ganye ne da saiwoyi, watau abincin gona, kuma cike yake da kabon. Tsiro ne ke jawo kabon daga iska, in ya mutu ya ruɓe sai ya bar shi cikin ƙasa. Masana sun ƙiyasta mita ɗaya na saman ƙasar duniya yana riƙe da kabon irin wannan wajen tan biliyan 1,500, ya fi wanda ke cikin iska duka.

Sai na ba yara tsakuwa 20 a madadin kabon gona, muka zana gida uku a ƙasa: gona, kwari, iska. Duk "damina" sai su ɗebi tsakuwa daga gona. Waɗansu su sa a kwari, inda laka takan binne kabon ya daɗe. Waɗansu su sa a iska, gama in ruwa ya farfasa ƙasa, ƙananan halittu sukan ci kabon su sake shi sama, ya ƙara ɗumamar duniya. Masana suna gardama har yanzu kan wane gida ya fi samu. Amma yara sun ga abu ɗaya da idonsu: ko yaya aka raba, gona ce ke asara.

Wanda ya ga kwazazzaban Agulu da Nanka a Jihar Anambra ya san ƙarshen abin. Saboda haka, 'yan'uwa, mu koya wa yara yin kunya a gicciye, da barin kara a gona maimakon ƙone shi. Yaron nan ya ce zai gaya wa babansa. Allah ya sa ya ji.