Jemage a Cikin Gida: Kada a Kashe Shi, Kada a Taɓa Shi

Yabo da godiya su tabbata ga Allah wanda Ya raba wa halittunSa lokatan neman abinci, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi jemage, wanda yakan faɗo cikin ɗaki da magariba, mata su yi ta salati, yara su ruga neman sanda. Shin me ya kamaci Musulmi a irin wannan hali?

Da farko, lalle ne a san ko mene ne shi. Jemage ba tsuntsu ba ne, domin ba ya ƙwai, ba shi da gashin tsuntsaye. Haihuwa yake yi ya shayar, galibi ɗa guda a shekara. Shi kaɗai ne mai shayarwa da ke tashi da fiffike. Irinsa ya haura 1,400. Cewa da ake yi makaho ne ba gaskiya ba ce. Manya masu cin 'ya'yan itace da ido da hanci suke neman abinci, ƙanana masu cin ƙwari kuwa sukan fid da wata siririyar ƙara wadda kunnen mutum ba ya ji, in ta bugi abu ta komo sai su gane inda yake. A Tafsirin Jalalaini, wajen aya ta 49 ta Suratu Ali Imrana, an ce jemage ne abin da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya sifanta da yumɓu ya tashi da izinin Allah.

Amfaninsa ga manomi ba kaɗan ba ne. Masu cin ƙwari suna rage ɓarnar gona, masu cin 'ya'yan itace kuma suna watsa iri da yi wa furen kuka barbara. Abin da ya auku a Amurka ya isa wa'azi. A 2006 aka fara ganin wata cuta mai kamar furfura a hancin jemagu cikin wani kogo a jihar New York, ta bazu ta kashe miliyoyi. Wani bincike na 2024 ya nuna cewa inda jemagu suka mutu, manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kamar kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8. A ƙasashen Afirka ta Yamma kuwa, sare manyan itatuwan da yake kwana a kai, da farauta, da yawan feshi, su ne ke cin jemage.

Game da hukunci, Imam Baihaƙi ya ruwaito hani ga kashe jemage da kwaɗo daga maganar sahabi Abdullahi ɗan Amru. Shafi'awa da Hambalawa sun haramta cin namansa, Shehu Dardiri na Malikawa kuwa ya lissafa shi cikin makaruhai. Har wa yau, aya ta 38 ta Suratul An'ami ta karantar da cewa dabbobi da masu tashi al'ummomi ne kamar 'yan Adam. Saboda haka yaron da ke harbin jemage da danƙo don wasa, haƙƙin mahaifinsa ne ya tsawata masa.

Amma fa tausayi ba sakaci ba ne, zama kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. Wasu jemagu suna ɗauke da ƙwayoyin cuta. A 1956 aka gano wata 'yar'uwar ƙwayar ciwon haukan kare a jikin jemagu a Ikko, kuma an tabbatar cewa wani jemagen kogo shi ne maɓoyar cutar Marburg. Duk da haka kisa ba magani ba ne. A Uganda an hallaka jemagun ramin haƙar ma'adinai na Kitaka bayan ɓullar Marburg a 2007, sai wasu suka maye gurbinsu, masu cutar a cikinsu suka fi na da yawa, cutar kuma ta sake ɓulla a yankin a 2012.

To, ga abin da mai gida zai yi. In jemage ya shigo, a fitar da yara, a buɗe taga da ƙofar waje, a rage haske, a yi shiru. Ɓatan kai ya yi, da kansa zai fita. In ya maƙale a bango, a kifa masa kwano, a zura kwali ta ƙarƙashi, a kai shi waje a sake shi a jikin itace. Kada a kama shi da tsirarar hannu, balle wanda aka tsinta a ƙasa da rana, domin sau da yawa mara lafiya ne. Wanda ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, sannan ya garzaya asibiti ko da ciwon bai fi tsinin allura ba, saboda ciwon hauka in ya bayyana da wuya a tsira. Kada kuma a ci mangwaron da jemage ya gatsa.

In sun tare a rufin ɗaki ko na masallaci, a bari su fita kiwo da dare sannan a toshe kafofin, amma ba lokacin da suke da 'ya'ya ƙanana ba, don kada a rufe su su mutu da yunwa. Kashinsu kuwa, Hanafawa sun sauƙaƙa hukuncinsa saboda wuyar kauce masa, amma wanke shi daga tabarmar salla shi ya fi tsentseni. A yayyafa masa ruwa kafin shara, a rufe hanci, domin ƙurarsa tana iya jawo ciwon huhu.

Da haka mai gida ya tsare iyalinsa, bai kuma ɗauki alhakin wata halitta ba. Allah shi ne Mafi sani.