Sabuwar Mota Mai Mutuwa a Kan Titi

Tambaya: Sabuwar motata tana mutuwa ina cikin tafiya, fitilun gaban sitiyari duk su kama. Yaya zan yi? Daga mai karatu, Yakasai.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara tsarewa. Ka ajiye motar nan yau. In inji ya mutu, birki da sitiyari tauri suke yi, ga cunkoson Ƙofar Nassarawa, ga yara a lungu. Za a ce maka makanikan Ƙofar Ruwa sun fi sauri. Gaskiya ne, amma taɓa wayoyinta na iya soke garanti. Ɗauki bidiyon fitilun, a ja ta zuwa wurin dillalin, su duba da kwamfuta, su ba ka sakamako a rubuce. In sun ƙi gyarawa, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ka damar kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Kafin nan, kada iyali su shige ta.