Mai maƙoƙo, kada gwajin aidin ya ruɗe ka

Duk wanda maƙoƙo ya fito masa, ko likita ya ce ƙwayar tayiroid ɗinsa ba ta aiki daidai, ba ya rasa mai ce masa: "Ai rashin aidin ne, je ka a gwada ka." Maganar tana da tushe. Da aidin wannan ƙwaya ta gaban wuya take haɗa sinadaran da ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki, kuma ƙarancinsa ne babban sanadin maƙoƙo a duniya. Sai dai gwajin aidin, idan a kan mutum ɗaya aka yi shi, ba abin dogaro ba ne.

Mu fara da na fitsari, wanda ya fi sauran inganci. Fiye da kashi 90 cikin 100 na aidin da ka ci ta fitsari yake fita cikin kwana ɗaya ko biyu. Ke nan abin da kwalbar ke nunawa shi ne abincin jiya da na shekaranjiya. Ka ci kifin teku da daddare, lambar ta hau. Ka kwankwaɗi ruwa saboda zafi, fitsarin ya tsinke, lambar ta sauka, alhali wuyanka na nan yadda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya da shi take auna al'umma: a tara fitsarin 'yan makaranta da yawa, idan matsakaicinsu ya faɗa tsakanin maikurogiram 100 zuwa 199 a lita, sai a ce yankin na samun isasshen aidin. Na mutum ɗaya kuwa, bincike ya nuna sai an maimaita wajen sau 10 a ranaku daban-daban kafin a kusanci gaskiya.

Wanda ya fi damuna shi ne na shafawa. A ce ka ɗiga aidin ɗin wanke ciwo a damtse, idan tabon ya ɓace kafin kwana ɗaya, wai jikinka ne ya shanye don yunwa. Sam! Yawancinsa iska yake bi, kuma zafi na ƙara masa sauri. Mai shafawa a Sakkwato cikin watan Afrilu zai ga ya ɓace da wuri ko da lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma wanda ake ba mutum miligiram 50 ya haɗiye, sannan a tara fitsarinsa. Wannan ya ninka buƙatar babban mutum ta yini, wato maikurogiram 150, fiye da sau 300, kuma likitocin tayiroid ba su amince da shi ba.

Haɗarin ba a gwajin ya tsaya ba, yana wajen abin da ke biyo baya, domin mai gwajin sau da yawa shi ne mai sayar da ruwan aidin ko ƙwayarsa. Wanda ya daɗe da maƙoƙo mai ƙullutu, idan ya ɗura wa kansa aidin, ƙwayar tayiroid ɗinsa na iya zabura: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, hannu na rawa, gumi, rama, ga rashin barci. Mai cutar Hashimoto, wadda garkuwar jiki ke yaƙar ƙwayar, aidin mai yawa na iya ƙara durƙusar da ita.

To, me ya kamata? Ka nemi gwajin jini na TSH da T4, su ne ke nuna ko ƙwayar ta yi sanyi ko ta wuce gona da iri. Idan akwai kumburi, a yi hoton wuya. Ka faɗa wa likita duk abin da kake sha. Maganin zuciya amiodarone cike yake da aidin, haka ruwan da ake ɗurawa a jijiya kafin wasu hotunan CT. 'Yan'uwa mata masu shan biotin don gashi su ambata, domin yana birkita sakamakon jinin.

Batun abinci da sauƙi. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Sayi na leda mai shaidar aidin, ka zuba a mazubi mai murfi, nesa da murhu da rana. Mai juna biyu da mai shayarwa suna buƙatar maikurogiram 250 a yini, su tambayi ma'aikatan awo kafin su ƙara wani abu.

Idan an ɗora ka a kan maganin tayiroid irin su levothyroxine ko carbimazole, kada ka ajiye saboda sakamakon gwajin aidin. Idan kuwa kumburin ya yi tauri, ko yana girma da sauri, ko murya ta dishe, ko haɗiya da numfashi sun fara wahala, don Allah ka je asibiti cikin makon nan.