Yadda Kwamfuta Ke Aiken 'Yar'uwarta

Na'urar POS da ake cire kuɗi da ita a kasuwar Batsari ba ta san abin da ke asusun kowa ba. Aike take yi zuwa kwamfutar banki, ta jira amsa. Irin wannan aike shi ne tushen kiran aiki daga nesa, wato RPC, wanda Andrew Birrell da Bruce Nelson suka fayyace tsarinsa a 1984.

Ɗalibai na iya gwada shi da kwamfuta biyu da harshen Python. A ta farko, wato mai hidima, a rubuta aikin tara lambobi, a bar ta tana sauraro a ƙofa mai lamba 8000. A ta biyu, mai aike, a sa adireshin ta farko, a kira aikin da 7 da 5. Amsa za ta dawo, 12.

Daga nan sai malami ya zare wayar da ta haɗa su, domin nan darasin yake. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Batsari da Safana saboda matsalar tsaro, aike ya daina isa. Wannan ma da sauƙi. Mafi muni shi ne aike ya isa, amsa ta ɓace a hanya, mai aike ba ta san ko an yi aikin ba. In ta maimaita, ana iya cire kuɗin mutum sau biyu. Shi ya sa ake ba kowane aike lambarsa, in mai hidima ta sake ganin lambar sai ta maido da amsar farko.