Yadda ake tace kurakuran kod kafin a kunna manhaja

Matashin da ke koyon Python a Bune, ko ɗalibi a jami'ar Damagaram, yakan rubuta kod, ya kunna, ya ga ya yi aiki, sai ya ce an gama. Amma kunnawa ba ta taɓa kowane layi. Akwai manhajojin da aikinsu karanta rubutun kod ne daga sama har ƙasa ba tare da sun kunna shi ba. Kakarsu ita ce Lint, wadda Stephen Johnson ya rubuta a Bell Labs na Amurka a 1978 don yaren C.

Fara da saukar da ɗaya. Ga mai Python ina ba da shawarar Ruff, wadda ta fito a 2022: rubuta pip install ruff lokacin da ka samu intanet. Daga nan ba ta ƙara neman intanet, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda kuɗin data ke da tsada.

Sai ka shiga inda fayilolinka suke, ka rubuta ruff check. Za ta jero maka sunan fayil, lambar layi da lambar kuskure.

A nan ne ake natsuwa. A ce manhajarka tana lissafin cinikin gero, tiya nawa aka auna, nawa aka biya. Ko'ina ka rubuta farashi, amma a sashen masu ɗaukar bashi hannunka ya zame ka rubuta farshi. Python ba za ta ce uffan ba sai ranar da wani ya karɓi bashi, ranar kasuwa, mutane a tsaye, manhaja ta tsaya cak. Ruff kuwa nan take za ta nuna layin da F821, wato suna ne da ba a san shi ba. Irin wannan ake fara gyarawa. F401, abin da ka shigo da shi ba ka yi amfani da shi ba, yana iya jira.

Kada ka raina layi ɗaya. A Fabrairun 2014 Apple ta gyara wani kuskure inda aka maimaita layin goto fail sau biyu, ya sa ana tsallake binciken tsaro a wayoyin iPhone. Irin wannan kod ɗin da ake tsallakewa, wanda ba a taɓa isa gare shi, yana cikin abin da waɗannan manhajoji ke iya ganowa.

Bayan haka ka ƙara mypy, mai kama inda ka haɗa rubutu da lamba, muddin ka bayyana nau'in kowane abu.

Wani lokaci gargaɗin Ruff ba daidai ba ne. Kana iya rufe shi da noqa a layin kaɗai, amma ka rubuta dalili a gefe, don wanda zai gaji aikin.

Ka maimaita binciken duk sanda ka taɓa kod. Sannan ka ɗauki biro ka gwada lissafin tiya uku da kanka, domin idan ka tara inda ya kamata ka ninka, Ruff za ta wuce layin ba ta ce komai ba.