Almubazzarancin Takarda Da Ɓarnar Dazuzzuka

Ya kai mai karatu, ka sani cewa takardar nan da muke yagewa muna watsarwa a juji ba tare da wani tunani ba, asalinta itace ne da aka sare a wani daji mai nisa, kuma duk wanda ya ɓata ta ba bisa larura ba yana da kaso cikin alhakin wannan sara, ko da bai taɓa riƙe gatari ba.

A zamanin da, al'amarin ba haka yake ba. Mutanen Sin ne suka ƙago sana'ar takarda wajen shekara ta 105 Miladiyya, suna kirɓa tsummoki da ɓawon itace da tsofaffin tarun su. Daga gare su Musulmi suka koya a Samarƙand, har aka kafa ma'aikatarta a Bagadaza kafin ƙarni na 8 ya ƙare. Takardar da malaman Kano da Katsina da Sakkwato suka rubuta littattafansu a kai, mai alamar jinjirin wata uku, a Italiya ake yin ta, fatake su ratso Sahara da ita daga Tarabulus a bayan raƙuma. Saboda tsadarta ne almajiri ba ya taɓa ta sai hannunsa ya faɗa a allo, malami kuwa ba ya barin ko gefen shafi sai ya cika shi da hashiya.

Sa'an nan a 1844 wani Bajamushe, Friedrich Keller, ya ƙera injin niƙa itace ya mai da shi ƙullun takarda. Tun daga nan ta yi araha, ilmi ya yaɗu, wannan kuwa ni'ima ce wadda ya wajaba a gode mata. Sai dai nauyin ya sauka daga kan tsumma ya koma kan daji. A tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya, musamman lardin Riyau, an share dazuzzuka masu duhu, mazaunin giwa da damisa, aka dasa itatuwa iri ɗaya masu saurin girma domin ciyar da injinan takarda, tare da gonakin kwakwar manja. Da aka zuƙe ruwan fadamun wurin, ƙasa ta bushe ta riƙa kama wuta, har hayaƙin gobarar 1997 da ta 2015 ya turnuƙe Singafo da Malesiya. Kada a ruɗe ka da cewa an sare an dasa, gama gonar itace iri ɗaya ba ta riƙe tsuntsu da dabba da saiwar magani yadda dajin Allah ke riƙewa.

Mu a Nijeriya an taɓa gina ma'aikatun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma da suka durƙushe sai aka koma sayowa daga ƙetare. Ashe ke nan mai ɓarna hasara biyu yake jawowa, ta dukiyar ƙasarsa da ta dajin wasu bayin Allah. In an ƙone takarda hayaƙi ne a ƙirjin maƙwabta, in kuma ta ruɓe a ƙarƙashin shara iskar da ke ƙara wa duniya zafi take fitarwa, alhali kuwa ana iya jiƙa ta a sake sarrafa ta sau 5 zuwa 7 kafin zarenta ya gajarce.

To, da yake shari'a ta hana israfi ko da a cikin ruwan alwala ne, ya kamata akawu ya rubuta gaba da baya, kada ya buga abin da ba a bukata. Ɗalibi kada ya jefar da littafi da sauran farin shafi. Mai kanti ya tara kwalayensa ya sayar wa 'yan jari bola, waɗanda ke kai su inda ake mai da su kwali da faifan ƙwai. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ko ayar Alƙur'ani kuwa, a keɓe ta da ladabi, kada ta shiga shara ko ƙunshin ƙosai. Allah ya sa mu riƙe amanar abin da ya damƙa mana, amin.